Kundin haɗa kwamfutar gem mai ƙarfi, daga zaɓen kaya zuwa gwaji

3 ga Mayu, 2025

Aikin da ke gaba shi ne haɗa kwamfutar gem da za ta ja monita 4K mai sabunta hoto sau 240 a daƙiƙa. A nan zan riƙa rubuta abin da aka zaɓa, dalilin zaɓensa, da abin da ya biyo baya.

Daga monita na fara lissafi, domin ita ce ke nuna nauyin da sauran kayan za su ɗauka. Monita 1440p tana da ɗigo 2560 a kwance da 1440 a tsaye, jimilla 3,686,400. Ta 4K kuwa 3840 sau 2160 ce, ɗigo 8,294,400, ninki biyu da kwata ke nan. Kowane firem, wato hoto ɗaya cikin waɗanda ake sabuntawa a daƙiƙa, sai katin hoto ya cike waɗannan ɗigogin kaf, shi ya sa a 4K kusan kullum kati ne ke fara gajiya, furosesa yana zaune yana jiransa. Mai niyyar tsayawa a 1440p lissafinsa daban, don a can furosesa ya fi samun ta cewa.

Na kasa kuɗin gida 100. Katin hoto zai ci 36, monita 22, furosesa 13, madabod (babban allon da sauran kaya ke hawa kansa) 9, SSD (ma'ajiyar fayiloli) 5, fawa-fak (mai ba kayan wuta) 5, RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 4, na'urar sanyaya 3, akwati 3. Ban ware ko kashi ɗaya don abin da ka iya tasowa ba, kuma na san wannan ganganci ne.

6 ga Mayu

Katin hoto. Uku na auna: RTX 5090, RTX 5080 da RX 9070 XT.

RTX 5090 ya fito a ƙarshen Janairun 2025, yana da ma'ajiyar hoto 32GB ta GDDR7, faɗin hanyarta bit 512, yana kuma shan wuta wat 575. Ba shi da abokin gogayya a 4K, wannan kam babu gardama. Sai dai farashin da Nvidia ta sanar masa ninki biyu ne na 5080, ƙarfin da ya ɗara shi da shi kuwa bai kai ninki biyu ba a gem. Idan na ɗauke shi, shi kaɗai zai lashe fiye da rabin kasafin, ga buƙatar babban akwati, ga wat 575 da za su bi ta waya ɗaya.

RX 9070 XT na AMD, wanda ya fito a watan Maris, yana da 16GB, wutarsa wat 304. Kati ne mai kyau ga 1440p, yana kuma taɓa 4K, amma idan aka kunna bin sawun haske (ray tracing, fasahar kwaikwayon haske da inuwa na zahiri) a gem masu nauyi sai ya ja baya.

Na tsaya a kan 5080: 16GB ta GDDR7, bit 256, wat 360. Inda yake ba ni tsoro shi ne 16GB ɗin nan. Yau ta isa, amma akwai gem ɗin da idan aka ƙure masa komai a 4K yake kusan cinye ta, kuma ma'ajiyar kati ba RAM ba ce da za a ƙara daga baya. Na amince da haka ido buɗe.

Firem 240 na gaske a 4K ba za su samu a manyan gem ba, ko da 5090 ne. Za su samu a irin su Counter-Strike 2. A masu nauyi sai an jingina da DLSS, wanda ke zana hoto ƙarami ya faɗaɗa shi, da kuma ƙirƙirar firem, inda katunan RTX 50 ke iya cusa firem har uku na ƙirƙira bayan kowane na gaske. Wannan yana sa motsi ya yi santsi a ido, amma ba ya rage jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da ganin abin a allo.

8 ga Mayu

Furosesa bai ba da wahala ba. Ryzen 7 9800X3D, wanda ya fito a Nuwamban 2024: ƙwaya 8, zare 16, gudunsa daga 4.7 zuwa 5.2GHz, soket AM5, wat 120 a rubuce. Abin da ya bambanta shi shi ne ma'ajiyar kusa ta L3 mai 96MB, wato 32MB na asali da 64MB da aka ƙara masa. Gem yana yawan komawa kan bayanai iri ɗaya, to muddin suna nan kusa, furosesa ba ya ɓata lokacin zuwa RAM. A wannan zubin an sa ƙarin ma'ajiyar a ƙarƙashin ƙwayoyin maimakon a samansu kamar yadda yake a 7800X3D, saboda haka zafi ya fi saurin isa ga na'urar sanyaya.

Na duba 9950X3D mai ƙwaya 16. A cikin ɓangarorinsa biyu, ɗaya ne kawai ke da ƙarin ma'ajiyar, sai direba ya riƙa tura gem zuwa wannan ɓangaren. Mai tace bidiyo ko haɗa manyan manhajoji zai more shi. Wanda gem kawai ya sa a gaba zai biya kuɗin ƙwaya takwas da za su wuni suna barci. Core Ultra 9 285K na Intel kuma yana da ƙarfi a aikin ofis da tace bidiyo, amma a gem yana bayan 9800X3D. Ga shi AMD ta ce za ta ci gaba da soket AM5 har 2027 ko fiye, wato bod ɗin zai iya karɓar wani furosesa nan gaba.

9 ga Mayu

An ba da odar kati da furosesa.

12 ga Mayu

Madabod. A nan ne ake yawan zubar da kuɗi a banza, domin bod ba ya ƙara firem. Abin dubawa shi ne gurabe, layukan PCIe (hanyoyin da bayanai ke bi tsakanin furosesa da sauran kaya), da kayan da ke sauƙaƙa gano matsala.

Furosesan AM5 yana da layi 28. Huɗu suna tafiya zuwa cif ɗin bod (chipset, mai kula da ƙarin gurabe da USB), saura 24: 16 na katin hoto, 4 na gurbin M.2 na farko (inda SSD ke zama), sai wasu 4. A kan bod masu cif X870 da X870E dole ne a sami USB4, kuma galibi waɗannan huɗun na ƙarshe shi ake bai wa. To idan bod ya yi alƙawarin gurbin M.2 na PCIe 5.0 biyu ko uku, daga ina layukan za su fito? Sau da yawa daga na katin hoto ake gutsurowa, kati ya koma x8. Wannan yana rubuce a littafin bod, a shafin da ke da zanen gurabe, da ƙananan haruffa a ƙasa.

Bod mai kyau mai cif B850 zai yi wannan aikin tsaf. Na ɗauki X870 ne saboda abu uku: USB4, ƙaramin allo mai nuna lambar matsala lokacin tashi, da maɓallin sabunta BIOS (manhajar bod mai tayar da kwamfuta) ba tare da furosesa ba. X870E cif biyu gare shi, yana ƙara gurabe da USB, ni kuwa ba ni da abin sawa a cikinsu. Yawan matakan wutar VRM (sashen bod mai daidaita wa furosesa wuta) da ake tallatawa ma ban kula da shi ba, furosesan da iyakar abin da soket ke ba shi wat 162 ne ba zai wahalar da kowane bod na wannan aji ba.

14 ga Mayu

RAM: sanda biyu, kowanne 16GB, DDR5-6000, CL30 (lambar jinkirinsa), mai EXPO (saitin AMD da ke sa RAM ya yi gudun da aka rubuta masa).

Dalilin 6000 shi ne a wannan gudun mai sarrafa RAM da ke cikin furosesa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da RAM ɗin, duka a 3000MHz. Idan aka haura sosai, bod yakan raba gudun mai sarrafawar gida biyu, sai lamba ta ƙaru a takarda, jinkiri kuma ya ƙaru a aiki. CL30 a 6000 yana ba da jinkirin nanosakan 10, ana samunsa da 30 sau 2000 a raba da 6000. Sanda huɗu kuwa a'a. AMD da kanta 5600 ta rubuta ga sanda biyu, 3600 ga sanda huɗu. Mai son 64GB ya sayi 32GB biyu tun farko.

SSD biyu, duka 2TB, PCIe 4.0, ƙwayar TLC, masu DRAM. Na PCIe 5.0 yana kai wa wajen 14,000MB a daƙiƙa, na 4.0 wajen 7,000, amma wurin buɗe gem bambancin ba ya wuce ƙiftawar ido, ga shi na 5.0 ya fi zafi da tsada. Ɗaya na Windows da manhajoji, ɗaya na gem zalla.

17 ga Mayu

Fawa-fak. Kati 360, furosesa 162 idan ya ƙure, bod da RAM da SSD da fankoki da famfon na'urar sanyaya a ba su 70. Jimilla 592. Nvidia ta ba da shawarar wat 850 ga 5080. Na ɗauki 1000, mai shaidar 80 Plus Gold, domin ya riƙa aiki a wajen rabin ƙarfinsa, inda ya fi tattalin wuta kuma fankarsa ba ta ihu, kuma ko an sauya kati nan gaba ba sai an sauya shi ba.

Abin da ya fi wat muhimmanci shi ne ya zama ATX 3.1 mai wayar 12V-2x6 tasa ta kansa, wadda ke kai wa kati wuta. Katunan zamani suna fizgar wuta farat ɗaya na ɗan ƙanƙanin lokaci, tsohon fawa-fak yakan ɗauka wayoyi ne suka haɗu ya kashe kansa. Ƙa'idar ATX 3 ta tanadi fawa-fak ya jure ninki biyu na ƙarfinsa na maikurosakan 100.

Ita wannan waya an yi ta ne don wat 600. A volt 12, amfiya 50 ke nan, a raba wa fil shida, kowanne ya ɗauki 8.3, alhali iyakar kowane fil bai wuce tara da ɗoriya ba. Idan fil ɗaya bai zauna daidai ba, sauran su ɗauki kayansa, daga nan zafi, daga nan narkewa. A wat 360 kuwa amfiya 30 ne, biyar ga kowane fil. Wannan ma yana cikin abin da ya kwantar min da hankali da 5080.

19 ga Mayu

Na'urar sanyaya ta ruwa mai lagireto na milimita 360, da akwati matsakaici mai raga a gaba. Takardar akwatin ta ce yana ɗaukar kati mai tsawon milimita 365, nawa 340 ne. Babbar na'urar iska mai hasumiya biyu ma za ta riƙe wannan furosesa, na zaɓi ta ruwa ne don zafin furosesa ya fita waje kai tsaye, kada ya haɗu da na kati.

24 ga Mayu

Komai ya iso sai monita. Na buɗe murfin soket na haska fila-filansa da tocila ta gefe, babu wanda ya lanƙwashe. Na mayar da murfin.

27 ga Mayu

Yau aiki ya tsaya cak, kuma laifin lissafina ne.

Tsarin shi ne lagireto ya zauna a gaba. Milimita 365 da takarda ta faɗa, da fankokin gaba aka auna, amma ba da lagireto ba. Kaurin lagireto 27 ne. A cire 27 daga 365, saura 338. Kati 340. Na ɗaura lagireton, na kawo katin, gindinsa ya shiga gurbi ta baya, hancinsa kuwa ya tokare da ƙarfen lagireto, har ya bar ɗan zane a fenti. Milimita biyu. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Na kwance na mayar da lagireton sama. Ramukan sukuru sun dace, amma lagireto da fankokinsa kaurinsu 52 ne, 27 da 25, sai suka sauko suka rufe saman bod. Sandunan RAM ɗina masu fitila ne, tsayinsu 44. Firem ɗin fanka ta tsakiya ya zauna a kan sandar da ke gurbi na huɗu, sukuru biyu suka ƙi kamawa. Na sa rula daga fuskar bod zuwa gefen fankar, 38 na samu. Duk sandar da ta wuce haka ba za ta shiga ba.

Mafita uku ce. A sauya akwati, wanda ke nufin sabon awo daga farko. A sa siraran fankoki masu kaurin 15, waɗanda ba sa tura iska sosai ta cikin lagireto. Ko a sauya RAM da gajere. Na ukun ya fi sauƙi: akwai DDR5-6000 CL30 marar fitila mai tsayin 33 zuwa 35. Shi na nema, na kuma tabbatar lambarsa tana cikin jerin RAM da aka gwada da wannan bod.

Da na yi awo huɗu kafin oda da ban shiga wannan ba: tsawon kati bayan an cire kaurin lagireto, tsayin RAM a ƙarƙashin lagireton sama, tsayin ƙarfen sanyaya VRM, da ratar da ke tsakanin kan kati da gilashin gefe. Na ƙarshen na auna shi yau tun kafin ya zama matsala, akwai 41, waya kuma tana son wajen 35 a miƙe kafin a lanƙwasa ta.

Sama ma ta fi dacewa da lagireto. Iskar da ke cikin ruwa tana taruwa a wuri mafi tsayi, kuma ba a so wurin nan ya zama famfo.

29 ga Mayu

An mayar da dogon RAM. Kuɗin aikawa da ɗan abin da aka zabtare sun ci kusan kashi 1 na kasafi.

3 ga Yuni

Gajeren RAM ya zo, tsayinsa 34. Kafin a sa komai a akwati na haɗa a kan kwalin bod, domin idan wani abu ya ƙi tashi, a fili ya fi sauƙin ganowa.

Na fara da BIOS. Filash mai tsarin FAT32, fayil ɗin a sauya masa suna yadda littafi ya ce, a sa shi a ramin USB da aka yi wa alama, a jona wayar fil 24 da ta fil 8, a danna maɓallin. Fitila ta yi ta ƙyaftawa minti shida sannan ta mutu. Ba a taɓa wuta kafin ta mutu.

Furosesa ya zauna, alwatikarsa ta dace da ta soket, ba a danna shi, ajiye shi ake yi. RAM a gurbi na biyu da na huɗu daga furosesa, A2 da B2. SSD ɗaya. Babu katin hoto, na jona tsohuwar monita a HDMI na bod tun da furosesan yana da ɗan ƙaramin sashen hoto a cikinsa.

Na haɗa fil biyun kunnawa da bakin sukuddireba. Fankoki suka juya, fitilar DRAM ta kama, allo baƙi. A tashin farko na DDR5 haka yake, bod yana gwada RAM, yakan ɗauki minti biyu ko uku. Na ba shi takwas, shiru. Na kashe, na duba sandunan ta gefe: ta A2 ƙasanta bai nutse ba, ana hango siririn layin zinare. Gurbin makama ɗaya gare shi a sama, ɓangaren ƙasa ba ya motsi, saboda haka ƙarar da na ji ta sama ce kawai. Na danna da babban yatsa biyu har ya ce ƙas. Bayan minti biyu BIOS ta bayyana, 32GB daidai.

5 ga Yuni

An sa komai a akwati. A haɗa wayar fil 8 ta furosesa da wayoyin fanka na saman bod kafin a ɗaura lagireto, in ba haka ba hannu ba zai shiga ba. Tsakanin RAM da fanka yanzu akwai milimita 4.

Fanka uku a gaba suna shigo da iska, uku na lagireto da ɗaya a baya suna fitarwa. Na ɗan ɗaga gudun na gaba don iskar da ke shiga ta bi ta rariya, kada ƙura ta riƙa kutsowa ta ramuka.

Wayar kati na tura ta har makamarta ta kama, na haska na ga babu rata ko kaɗan tsakanin roba da roba, a ɓangaren kati da na fawa-fak duka. Wayoyin da suka zo da wannan fawa-fak kawai na yi amfani da su. Na wani fawa-fak ko da bakinsu ya shiga, jerin fil ɗinsu na iya bambanta, kuma hakan yana ƙona kaya. Katin yana da nauyi, hancinsa ya ɗan sunkuya, na tokare shi da ƙarfen da ya zo da shi.

6 ga Yuni

Windows 11 ta hau. A BIOS na tabbatar fTPM da Secure Boot da Resizable BAR suna kunne. Direban cif na AMD, sannan na kati.

Gwajin farko da Cinebench, manhajar da ke ƙure furosesa ta ba shi maki, cikin daƙiƙa 20 furosesa ya kai digiri 95 ya tsaya a nan, gudunsa ya fara sauka. 95 ita ce iyakarsa, ba zai lalace ba, amma da lagireto 360 bai kamata ya je can ba. Na taɓa bututun biyu, ɗaya da zafi, ɗaya da sanyi sosai, lagireto kuma ko ɗumi bai yi ba. Ruwa ba ya gudu ke nan. HWiNFO, manhajar duba zafi da gudun kaya, ya nuna famfo yana juyi 1,150 a minti.

Ashe na jona famfon a CPU_FAN, wanda ke kan tsarin shiru, fankokin lagireto kuma a ramin famfo, shi ya sa suke ta ruri tun da na kunna. Na musanya su, na sa famfo a kan 100 bisa 100. Ya koma 2,900. Cinebench na minti 10 ya tsaya a digiri 83, a gem kuma tsakanin 58 da 67. Man isar da zafi da ke tsakanin furosesa da na'urar sanyaya ban taɓa shi ba, da ma ba shi ne matsalar ba.

8 ga Yuni

GPU-Z, manhajar duba bayanan katin hoto, ya nuna abu biyu. Na farko ROP 112 (sassan kati masu kammala zana ɗigogi), daidai yadda 5080 ya kamata ya kasance. Na duba ne domin a farkon 2025 Nvidia ta tabbatar cewa wasu 'yan katunan RTX 50 sun fita da ƙarancin ROP.

Na biyu, kati yana kan x8. Idan kati ba ya aiki yakan sauke zubin PCIe don tattalin wuta, saboda haka na danna ɗan gwajin da ke gefen lambar. Zubi ya hau 5.0, faɗi ya tsaya a x8. Abin da na rubuta da hannuna ranar 12 ga Mayu shi ya same ni. Gurabe uku na ƙasa suna ƙarƙashin faranti ɗaya, na ɗauka lambobinsu a jere suke daga sama zuwa ƙasa, ashe wanda na sa SSD na biyu a ciki shi ne mai cin layukan kati. Sunan kowane gurbi yana rubuce a jikin bod, faranti ne ya rufe shi.

Sai da aka cire kati kafin a kai ga farantin. Na mayar da SSD gurbin da ke bi ta cif, PCIe 4.0 x4, wanda da ma iyakar gudunsa ke nan. Kati ya koma x16. Gaskiya asarar ba ta taka kara ta karya ba, x8 na 5.0 daidai yake da x16 na 4.0, wajen 32GB a daƙiƙa, kuma a gwajin Cyberpunk 2077 bambancin da na gani firem ɗaya ne zuwa biyu. Na gyara ne don gyaran kyauta ne.

11 ga Yuni

An kunna EXPO. Kafin haka RAM a 4800 yake gudu, kuma mutane da yawa a haka suke barinsa ba su sani ba. Yanzu 6000, mai sarrafawa 3000, FCLK (gudun hanyar da ke haɗa sassan furosesa) 2000. Wutar SoC, sashen furosesa mai sarrafa RAM, tana volt 1.2, ƙasa da iyakar 1.3 da AMD ta sa tun 2023. Gwajin RAM da MemTest86 zagaye huɗu cikin dare, babu kuskure.

Tashi yana ɗaukar daƙiƙa 50 saboda bod yana sake gwada RAM kowane lokaci. Na kunna Memory Context Restore tare da Power Down Enable, ya sauko 17. Biyun tare ake kunna su.

13 ga Yuni

Monita ta iso. Babu mataccen ɗigo.

15 ga Yuni

Na shiga PBO, saitin ƙara gudun furosesa na AMD, na sa Curve Optimizer a kan -30 ga duk ƙwayoyi, wato rage wa furosesa wuta a kowane matakin gudu. Zafi ya sauka zuwa 76, maki ya ɗan hau. AMD tana lissafa wannan, har da EXPO, a cikin ƙure gudu, kuma garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da ya jawo.

18 ga Yuni

Sau uku cikin kwana uku kwamfuta ta mutu ta tashi da kanta. Ba a cikin gem ba, ba a Cinebench ba. Sau biyu tana zaune babu abin da take yi, sau ɗaya ana buɗe shafin intanet. Babu shuɗin allo. Event Viewer, kundin abubuwan da suka faru a Windows, ya nuna Kernel-Power 41, wanda ba ya faɗin komai sai cewa wuta ta yanke ba shiri, amma kusa da shi akwai WHEA-Logger 18, kuskuren furosesa.

Zargin farko ya tafi kan fawa-fak, na biyu kan RAM. Lokacin mutuwar ne ya wanke su: da fawa-fak ne, da a tsakiyar gem zai yanke, lokacin da ake jan wat 500. Abin da ke faruwa shi ne idan duk ƙwayoyi takwas suna aiki, gudu yana ɗan sauka kuma wuta tana zaune daram. Idan aiki ƙarami ne, ƙwaya ɗaya ce ke zabura daga barci zuwa 5.2GHz, kuma a wannan tsallen ne ragin wutar ke kayar da ita. Shi ya sa Cinebench ba ya kama irin wannan.

CoreCycler ne ya kama shi, domin yana bin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya da Prime95. A -30 ƙwaya ta uku ta faɗi cikin minti huɗu, ta shida bayan minti 25. A -20 ta uku kawai ta faɗi, bayan awa biyu. Ita ce ɗaya daga cikin biyun da furosesa ya fi fifitawa, kuma irinsu ba su cika jure ragi mai yawa ba don tun daga masana'anta wutarsu a tsuke take. Yanzu ta uku tana -12, saura -20. Awa 14 babu kuskure. A gem ribar ba ta wuce digiri huɗu zuwa biyar ba, firem kuwa kusan yadda suke. Wanda ba ya son kwana uku na bincike ya bar wannan saitin yadda ya zo.

21 ga Yuni

Allo yana ɗaukewa na daƙiƙa biyu ya dawo, wajen sau ɗaya a awa, a 240Hz kawai. Hoton 4K sau 240 mai launi bit 10 yana buƙatar kusan gigabit 60 a daƙiƙa tun kafin a ƙara na tsakanin firem. DisplayPort 1.4 abin da yake iya kaiwa 25.92 ne, sai da matse hoto na DSC. DisplayPort 2.1 a matakin UHBR20 yana da 80, kati da monita duka suna da shi, saura waya. Tawa mita biyu ce da na saya daban don ta kai ƙasan tebur, an rubuta 2.1 a ledarta amma babu tambarin DP80, mai nuna tana ɗaukar gigabit 80. Na sa gajeriyar da ta zo da monita, mita ɗaya, na ɗaga akwati zuwa kan tebur. Kwana biyu ke nan bai ɗauke ba.

Windows kuma a 60Hz take barin sabuwar monita, sai an shiga saitin allo an ɗaga da hannu.

25 ga Yuni

Awo da mitar soket: wat 95 a zaune, 470 zuwa 520 a gem mai nauyi a 4K. Kati yana tsayawa a digiri 68, ma'ajiyarsa 74. Bayan awa biyu na taɓa bakin wayar kati, ɗumi kawai.

An haura kasafi da kashi 2: ɗaya na mayar da RAM, rabi na wayar da ba ta yi amfani ba, rabi na fankar baya da akwatin bai zo da ita ba.

Abin da ya rage: a gwada rage wutar kati da MSI Afterburner a ga ko za a sauko ƙasa da wat 300 ba tare da asarar firem da ido zai gani ba, a daidaita fankokin lagireto su daina tashi da sauka duk lokacin da zafi ya yi tsalle na daƙiƙa ɗaya, sannan a nemi UPS mai tsabtatacciyar igiyar wuta wanda zai ɗauki aƙalla wat 900, ba VA 900 ba. Ranar 25 ga Yuli zan cire gilashi in sake haska bakin wayar 12V-2x6, in kuma wanke rariyar gaba.